Karan Malam Barau

Ranar Lahadi, biyu ga watan Afrilu na shekarar 1972, aka juya tuƙi a Nijeriya daga hannun hagu zuwa hannun dama. A ranar, Barau ɗan gidan marina yana da shekara goma sha tara, yana bisa keken mahaifinsa da ɗaurin baƙaƙen rawuna, zai kai su cikin garin Batsari. Ya sauka, ya tura keken zuwa ɗaya gefen kamar yadda aka yi shela, ya sake hawa. Daga wannan rana zuwa damanar 2024, shekara hamsin da biyu ke nan, bai sake barin gefen dama ba, kuma sau biyu kacal bayansa ya taɓa ƙasa. Na farko jaki ne ya gitta masa, na biyu sarƙa ce ta tsinke a gangara. Yakan ce jakin ya yafe masa tuntuni, sarƙar kuwa laifinsa ne da ya hana ta mai.

Yanzu karofi ya mutu, ramukan rini sun zama wurin zuba shara, Malam Barau kuma ya tsufa. Aiki ɗaya ya rage wa kekensa. Kowace Juma'a da hantsi yakan hau hanyar Safana zuwa Tungar Kanya, inda yayarsa Ramlatu take zaune tun da tashin hankali ya raba ta da garin Ruma. Ramlatu ta makance, kuma duk duniya ba wanda ta yarda ya yanke mata farce sai ƙanenta, domin an taɓa yanke ta har nama, ta rantse ba ta ƙara miƙa wa wani hannunta. Sai ya kai mata goro da ƙuli-ƙuli, ya gyara mata farcen hannu da na ƙafa, su zagi wanda za su zaga cikin matattu da rayayyu, ya juyo ya tarar da sallar Juma'a a Batsari.

Da can ta cikin gonaki yake yankewa. Tun da daji ya ɓaci, ba mai hankalin da ke bin wannan turba, sai kwalta. Kwaltar kuwa ƙunci gare ta, ruwan sama ya cinye bakinta, har ya zama wanda ya sauka daga kanta kamar ya sauka daga dakali ne.

A gida ɗaya Malam Barau yake zaune da matarsa Turai, da ɗansu na fari Alhaji Almustapha, babban ɗan kasuwar hatsi, da iyalinsa. A farkon shekarar Alhaji ya sayi farar bas, aka fesa mata sabon fenti, ya damƙa wa ɗansa Faisal makulli ya riƙa jigila tsakanin Batsari da Safana.

To, kowa ya san abin da ke tsakanin jika da kaka a ƙasar Hausa. Wasa ne da ba a shiga, ba a kai ƙara, ba a yin fushi. Jika ya ce kakarsa matarsa ce, ya ce kakansa abokin takara ne da ya ƙi mutuwa ya bar masa gida. Kakan da ya ɗaure fuska a kan wannan, shi ake yi wa dariya.

A cikin watan cika-ciki, lokacin da irin wannan wasa ya fi tashi, Malam Barau yana tafe a gefensa, gero ya kai gwiwa hagu da dama, sai ya ji ƙaho ya fashe masa a cikin kunne. Wani farin abu ya shafe shi ya wuce, iskarsa ta kaɗa keken, ta ɗauke masa hula ta jefa cikin gona. Faisal ya rage gudu, ya leƙo da kai.

“Tsoho, kauce! Sauri nake in dawo wurin matata!”

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Malam Barau ma ya yi dariya, ya ɗaga masa daƙuwa, ya shiga gona neman hula. Da ya same ta, sai da ya zauna a kan kunya ya huta kafin ya iya sake hawa keken.

Da yamma Faisal ya ba da labarin a tsakar gida, yana kwaikwayon yadda hular ta tashi. Turai ta yi dariya har da hawaye.

“Angona, ka rama mini,” in ji ta. “Shekara hamsin yana fifita wannan ƙarfen a kaina.”

“Ka ɗauke ta, na bar maka,” in ji Malam Barau. “Amma ka sani minsharinta ya fi na motarka, kuma ita ba a kashe ta da makulli.”

“Ji min tsohon nan!” in ji Turai, ta jefe shi da mafici.

Bayan an watse, ya kira jikansa gefe.

“Kai, ɗan nema, saurara. Direbobin zamanin da, masu manyan motocin gyaɗa, abin da suke koya wa yaransu shi ne, in za ka wuce mai keke, ka bar masa filin faɗuwa. Wato ko da Allah Ya sa ya kife, ya kife a ƙasa, ba a ƙarƙashinka ba. Mai keke ba a kan layi yake tafiya ba. Rami na karkatar da shi, iska na karkatar da shi, ƙuda ma in ya shiga idonsa.”

“Kaka, ai waɗannan tsoro ne ya yi musu yawa,” in ji Faisal. “Ni na san faɗin motata kamar faɗin gadona. Yatsa biyu na bar maka, kuma da yatsa ɗaya ma zan iya.”

“Kai ka san faɗin motarka. Ka san inda tayata za ta sa ƙafa?”

“Au, tsoro ka ji ke nan? Bari in gaya wa amarya!”

Ya ruga yana kiran Turai. Nan maganar ta mutu.

Da abin ya tsaya kan Faisal, da sauƙi. Amma akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, cewa abokin jika shi ma jika ne. Kafin gero ya yi bununi, duk matasan direbobin tashar sun zama jikokin Malam Barau. Wani abokin Faisal mai suna Ikrima ya kafa doka a teburin mai shayi: duk wanda ya cire hular Tsoho da iska ranar Juma'a, shayinsa da ƙwai a kan sauran. Malam Barau ya naɗa rawani bisa hular, suka ce Tsoho ya sami sarauta, suka ƙara matsowa don su yi gaisuwa. Ya koma fita da sassafe, ya tarar su ma da sassafe suke lodi. Wata Juma'a madubin Ikrima ya kama hannun rigarsa ya tsarge shi har kafaɗa. Wata Juma'ar kuma Faisal ya matse shi daidai inda wata babbar mota ke tahowa, ba shi da zaɓi sai ya saki kwalta. Tayar ta faɗa bakin da ruwa ya ci, ya dire da gwiwa cikin tsakuwa. Bai lissafa wannan a cikin faɗuwa ba, wai don hannunsa bai saki kan keken ba.

Ya nuna wa Turai gwiwar tana shafa masa man kaɗanya.

“Ki yi wa yaron nan magana. Ke yake ji.”

“In ce masa me, Malam? In ce kakansa ya kawo ƙara? Ina za ka sa fuskarka a garin nan? Kai da bakinka ka ba ni labarin yadda ka ɗaure wa kakanka akuya a ƙafa yana barci.”

“Akuya ba ta da inji.”

“To, ai bai taɓa ka ba. Ƙwarewa ce. Kowa na cewa duk tashar ba mai hannunsa.”

Saura Alhaji Almustapha. A nan kuma akwai wata katangar, domin ɗan fari ne, Malam Barau bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma saba haɗa ido da shi ba. Sai ya jira shi a zaure, ya juya fuska wajen bango, ya yi magana kamar da bangon yake.

“Da za a gaya wa mai motar gidan nan ya ja wa direbansa kunne, da an kyauta. Hanya ta kowa ce.”

Alhaji ya durƙusa cikin ladabi, ya cire takalmi.

“Allah Ya ƙara maka lafiya, Baba. Tsakaninka da Faisal ai ba ni da bakin magana, kai ka fi ni sanin wannan. Sai dai tunda maganar ta taso, keken nan fa? Jiya a kasuwa wani ya ce mini, Alhaji, na ga mahaifinka yana haki a gangaren Tungar Kanya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga mota a gida. Ka ajiye shi, a riƙa kai ka.”

“Mota sai ta cika take tashi,” Malam Barau ya gaya wa bangon. “Sai ta cika take dawowa. Keke kuwa da mutum ɗaya yake cika.”

“Haka ne, Baba. Allah Ya huci zuciyarka.”

Ya sa takalmansa ya fita, bai ce wa ɗansa komai ba. A ransa yana ganin abin da nasiha ta kasa, ƙila iskar mota ta yi.

Illar ba a gwiwa ta tsaya ba. Malam Barau ya wayi gari in ya ji ƙarar inji a bayansa, sai wuyansa ya sandare, tafin hannunsa ya jiƙe. Yakan isa Tungar Kanya yatsunsa suna kaɗawa. Wata Juma'a, bayan an fara yankan dawa, yana riƙe da ɗan yatsan Ramlatu sai rezar ta zame, jini ya tsatso.

Ramlatu ba ta janye hannun ba. Ta kama nasa ta riƙe.

“Barau, hannun ga ba naka ba ne. Wa ya koro ka?”

“Tsufa ne, Yaya.”

“Tsufan uwaka. Ni na goya ka, in akwai tsufa ni zai fara kamawa. Faɗa mini.”

Ya faɗa mata duka, da hular da rigar da bangon zaure. Ta daɗe tana tauna goro.

“Wato jikan naka, ɗan wancan mai kan tulun, shi ne ka wasa da ranka, gida kuma ana tafi.”

“Wasa ne, in ji su.”

“To, kai ba ka iya wasa ba? Miƙo mini sandata.” Ya miƙa mata. Ta kaɗa ta gaba da gefe har ta ƙwale masa ƙafa. “Ka gani? Ni ba ni ganin kowa, amma ba mai taka ni. Sandar ga ita ka gaya wa mutane inda Ramlatu ta fara. Kai kana bisa hanya siriri kamar zare, sun ɗauka inda rigarka ta ƙare nan ka ƙare. Yi wa dokinka sanda.”

Malam Barau ya dubi sandar. Can sai ya fara murmushi, irin wanda ya rabu da yi tun watan cika-ciki.

Ranar Alhamis ya zaɓo karan dawa miƙaƙƙu, masu tsawon kamu uku. Kara ya zaɓa ba gora ba, domin kara in an buge shi karyewa yake yi, ba ya jan mai keke ƙasa. Ya shiga ɗakin da ya tara tarkacen sana'arsa, ya buɗe tukunyar shunin da ta rage masa, ya dama shi da ƙaro da ɗan baƙin mai, ya tsoma tsumma ya naɗa a kan karan. Da safe ya ɗaure ɗaya a kan kariyar keken, wurin ɗora kaya na baya, ya miƙe zuwa hagu wajen motoci, ya ɗaure sauran a tsaye don ko ta kwana.

Wata babbar motar itace ce ta fara cim masa. Direban ya ga abu ya miƙo, ya rage gudu, ya buɗe sosai, ya wuce. Malam Barau ya ji iskarta kamar fifita. Bayanta sai Ikrima. Shi da ma wayo gare shi kamar zomo, ya dubi baƙin tsumman nan bai yarda da shi ba, ya yi nesa yana ihu: “Tsoho, yau kuma tuta aka kafa?”

Sannan Faisal. Ya hango kara, ya ce wa na kusa da shi, “Ku duba, Kaka ya yi wutsiya. Bari in gyara masa ita.” Ya danna ƙaho, ya matso yadda ya saba. Tsumman ya sauka a ƙofar gaba, ya bi jikin farar motar nan yana shafa ta a hankali har fitilar baya, sannan karan ya ce ƙaras.

Malam Barau ko girgiza bai yi ba. Ya tsaya, ya kwance guntun, ya ɗaura sabo, ya ci gaba yana waƙar marina.

A tashar Safana kuwa kasuwa ta tashi. Tun daga nesa aka hango zanen shuni ya ratsa motar daga kai har gindi. Masu lodi suka taru, masu sayar da rake suka bar rakensu.

“Faisal, wa ya ja maka kwalli?”

“Kakansa ne ya yi masa kamu, saura ɗaurin aure!”

Ya sa ruwa da omo ya dirza. Baƙin ya fita, shuɗin ya zauna, domin shunin Batsari bai saba shiga abu ya fita ba.

A Tungar Kanya, Ramlatu ta sa ƙanenta ya maimaita mata labarin har sau uku, tana dariya tana dukan tabarma. Ranar ya yanke mata farce sumul, hannunsa kamar na saurayi.

“Ka ga hannun Barau ya dawo,” in ji ta. “Sai wata Juma'ar, in muna da rabo.”

Bayan la'asar ya tarar da gida ya cika ya yi tsit. An jawo motar ƙofar gida kamar mara lafiya. Faisal na zaune ya haɗa kai da gwiwa, Turai na yi masa fifita. Alhaji Almustapha ya durƙusa, amma wannan karon bai cire takalmi ba.

“Baba, abin da aka yi wa motar nan ɓarna ce.”

Malam Barau ya nemi bango ya fuskanta.

“Wasa ne. Na ji an ce tsakanina da jikana ba a shiga.”

“Wasa yana da iyaka, Baba. Mota dukiya ce.”

“Ni fa, mene ne?”

Wata kaza ta ratsa tsakar gidan ta wuce abinta.

“Malam,” in ji Turai, “an kunyata yaron nan a gaban tsaransa. Ko abinci ya ƙi ci.”

“An yaga mini riga.”

“Riga ai ana ɗinkewa.”

“An kuje mini gwiwa.”

“Ba ta warke ba?”

“To, a shafa wa motar man kaɗanya, ita ma za ta warke.”

Wata daga cikin matan gidan ta tuntsire da dariya a bayan ƙyaure, aka daka mata tsawa. Malam Barau ya shige ɗakinsa yana jin ya ci wasan. Bai san ba a cin wasa da mai makulli ba.

Da gari ya waye, babu keke a zaure. Ya same shi ta tagar ɗakin ajiyar hatsi, an rataye shi a jikin azara sama da buhunan masara, ƙofar kuwa da kwaɗo. Alhaji ya zo da kansa ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce don lafiyar Baba aka yi. Ya ce masana sun ce hawan keke ba shi da kyau ga mai shekaru, ko da yake bai faɗi sunan masanin ba. Ya ce ga hanya ta lalace, ga yaran direbobin yanzu ba su da hankali. Ya ce daga yau kujerar gaba ta Baba ce kowace Juma'a, kyauta, kai da kawowa.

Uba yana iya daka wa kowane ɗa tsawa ya ce a buɗe ƙofar nan, ban da ɗan fari. Malam Barau ya dubi bango, bango ya dube shi.

Juma'ar farko an cika alkawari rabi. An kai shi, amma motar ba ta cika a Safana da wuri ba, ya tsaya a bakin hanya har rana ta karkata, sallar Juma'a ta wuce shi, abin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Juma'a ta biyu wani mai shanu ya biya kujerun gaba duka biyun, aka ce Kaka ya yi haƙuri, baya kuma an cusa buhuna. Ta gaba an yi shatar motar zuwa biki a Katsina. Daga nan sai birki, sai taya, sai mantuwa.

“Kaka, wallahi mako mai zuwa da kaina zan tashe ka,” in ji Faisal, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Ba mugun yaro ba ne. Bai dai taɓa ganin an hana shi komai ba, balle ya san nauyin abin da aka hana wani.

Malam Barau ya zaga maƙwabta neman aro. Wannan ya ce tayarsa ta yi faci, wancan ya ce ɗansa ya fita da shi. Daga baya wani ya gaya masa gaskiya: Alhaji ya bi gida-gida ya roƙa, don girman Allah kada a ba Baba keke. Ba kuwa mai son ɓata wa mutumin da unguwa ke auna hatsi a wurinsa. Ya gwada sauran motocin tasha, direbobin suka ce ai ba za su ɗauki kakan Faisal da motar gidansu tana nan ba, kunya ce. Ya gwada ƙafa. Gwiwar nan da aka ce ta warke ta kai shi kwalbatin bayan gari, ta ce nan ta tsaya. Wani mai amalanken shanu ne ya dawo da shi.

“Ka gani ko?” in ji Turai. “Da a kan keke abin ya same ka fa? Alhaji ya yi gaskiya.”

Saƙo ya fara zuwa daga Tungar Kanya ta bakin wata mai tallan nono. Na farko: a gaya wa Barau farce ya fara kama zane. Ya aika da sabuwar reza da goro, ya ce a roƙe ta ta bari matar gidan ta yanke mata. Aka dawo masa da rezar a cikin takardarta, goron kuwa an karɓa. Saƙo na biyu: a gaya wa Barau in sarauta ya samu, ya aiko a yi masa mubaya'a. Na uku gajere ne: a gaya wa Barau ina nan.

Ya koma zaman dakalin ƙofar gida, inda ake hango hanya. A nan ya ga abin mamaki. Wani mai kai itace ya wuce da kara a ɗaure a kariyarsa, da tsumma a kai. Kwana kaɗan sai ga wani malamin makaranta da nasa, sai masu kai madara, sai mai gyaran rediyo. Yawancinsu tsumman busasshe ne, ba shuni ba komai. Amma direba ba shi da hanyar sanin wanne ne jiƙaƙƙe, don haka kowanne sai a buɗe masa. Suna wucewa suna ɗaga masa hannu.

“Malam Barau, karanka na aiki!”

“Allah Ya tsare,” yakan ce, ya bi su da kallo har su ɓace.

A cikin watan Sha'aban, wata Talata da hantsi, mai nonon ta zo ba ƙwarya a kanta. Ta durƙusa a zaure ta yi sallama, tun kafin ta buɗe baki ya gane Ramlatu ta rasu.

Ranar ba a jira mota ta cika ba. An sauke fasinjojin da suka riga suka shiga, aka ba su haƙuri. Alhaji Almustapha da kansa ya buɗe ƙofar gaba, ya kama hannun mahaifinsa ya zaunar da shi, ya gyara masa riga kada ƙofa ta datse ta. Turai da sauran mata suka cika baya suna salati. Ba shata, ba birki, ba mantuwa.

Sun wuce kwalbatin bayan gari sai ga wani mai keke a gabansu, da buhun gawayi da karansa a miƙe. Faisal ya rage gudu. Ya jira wata mota da ke tahowa ta wuce, sannan ya buɗe har tayoyinsa suka taka ɗaya gefen, ya wuce shi a hankali, ko ƙaho bai taɓa ba. Tsumman bai ko motsa ba.

Malam Barau ya juyo ya dubi jikansa.

“Ashe ka iya.”

Faisal ya mai da ido kan hanya.

Magabata da suka shimfiɗa wasan jika da kaka, sun shimfiɗa shi ne don yaro ya sami ƙofar kusantar tsoho ba tare da tsoro ba, kuma a zamaninsu da ƙafa yaron ke zuwa, hannunsa wayam. Ba su yi shi don wanda ke zaune a bayan sitiyari ba. Mutanen gidan nan duk sun san haka, shaida kuwa ita ce ranar da wasan ya taɓa fenti, a yini ɗaya suka gano iyakarsa. Wanda ake matsewa a gefen hanya shi suka cire daga hanyar, suka kira abin kulawa, har suna jiran ya gode.

Matan da suka yi wa Ramlatu wanka sun aiko a tambayi liman, sun ce farcenta ya yi tsawo har ya fara lanƙwasa, ko a yanke? Liman ya ce a mazhabarmu ba a so a yanke wa mamaci farce. Malam Barau yana zaune a wurin, rezar tana cikin aljihunsa, a takardarta. Da farcenta aka rufe ta, kafin azahar.

An sake fesa wa motar fenti tun kafin azumi, ba a ganin alamar shuni ko kaɗan. Masu keke a wannan yanki na hanyar har yanzu suna ɗaura kara, suna kiransa karan Barau. Keken Malam Barau yana nan rataye a ɗakin hatsi. Bayan sadakar bakwai Alhaji Almustapha ya aiko masa da makullin, ya ce Baba yana iya ɗaukar abinsa. Bai je ya ɗauka ba, ya ce ba shi da inda za shi.